Ni Na Sa Aka Sare Inuwar Tsohuwata

Assalamu alaikum edita da masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana, don ƙanena yana da rai, kuma kunyar da na riga na ba shi ta isa haka nan.

A lokacin da abin nan ya faru ni ma'aikacin biro ne, wato ofis, a Tasawa, na ba shekara arba'in baya, ina da gidan siminti mai wutar kuran da famfo, ina da moto, wato babur, kuma ni ne babba a ɗakinmu. Mu biyu ne maza a wurin tsohuwarmu. Ni na yi lakwal, karatun boko ke nan, har na samu aiki, shi ƙanen nawa aji shida ma da ƙyar ya kai, ya koma noma a ƙauyenmu can wajen Attantane. Tun ina ƙarami na saba duk wani yabo na gidanmu a kaina yake sauka, in an yi baƙi ni ake nunawa, in za a yanke shawara ni ake jira. Ban taɓa sanin ina da hassada ba, saboda ba a taɓa ba ni dalilin yin ta ba.

Mahaifinmu ya bar mana wata jigawa a bayan gari wadda ko rabonta ba a yi ba, don babu mai so, rairayi ne da ƙarangiya da tsofaffin kututture. Ƙanena ya ce a bar masa ya gwada, na ce ya je ya yi ta fama. Idan lokacin sassabe ya zo, maimakon ya share komai ya ƙone kamar yadda muka tashi muka ga ana yi, sai ya bi kututturen ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi ya gyara su, ya ɗaura wa kowane tsumma. A wajenmu kowa ya san ma'anar wannan. Iccen da aka ɗaura wa tsumma yana da mai shi, mai neman iccen wuta zai wuce shi, makiyayi ma ba zai sassare reshensa ya ba dabba ba. Ni kuwa dariya nake masa, na sa masa suna sarkin tsumma, har tsofaffin rigunana nake aika masa don tsiya, shi kuma ya yi godiya ya yayyage su ya ɗaura.

Shekara goma sha biyu yana wannan aiki. Wallahi ranar da na sake zuwa wurin ban gane shi ba. Gawo da kalgo da aduwa da magarya sun haɗe, ƙasa ta yi baƙi, kurciya da fakara sun dawo, har zomo na gani ya gitta. A tsakiya akwai wani gawo da ya fi sauran girma, a gindinsa ya kafa rumfa da bukka biyu na zana, ya binne randa. Daga gefe wani makiyayi da iyalinsa suna sauka da shanunsu duk bayan kaka, gona ta samu taki, su samu inuwa da kara. Babu abin da kake ji sai iska a cikin ganye da kukan tsuntsu. Na ce masa ya yi ƙoƙari, amma da bakina kawai na faɗa.

A shekarun nan ne tansiyo, wato hawan jini, ya kama tsohuwarmu. Na ɗauko ta na dawo da ita Tasawa, na gina mata ɗaki na musamman, na sa fanka da katifa mai kauri, abinci sai wanda ta zaɓa. Sai dai gidana bakin babbar hanya yake, manyan motoci ba sa yankewa, ga injin niƙa a bayan katanga tun safe har magariba. Tsohuwa ta yi ta ramewa, kullum kanta yana sarawa. Ƙanena ya zo gaisuwa, ya roƙe ni cikin ladabi in bar ta ta je wurinsa ta yi mako guda ta sha iska. Na yarda ina murmushi, don na tabbata kwana uku ba za ta yi a daji ba za ta nemi fankarta. Mako ya zama wata, wata ya zama rani sukutum. Da ta dawo gab da damina, fuskarta ta ciko, tana tafiya babu sanda.

Nan ciwona ya fara. Duk wanda ya shigo gaishe ta, a cikin gidana, a kan katifar da na saya, labarin gawon nan take ba shi. Yadda take shimfiɗa tabarma da hantsi, yadda matar makiyayin ke kawo mata nono su zauna suna hira, yadda barci ke ɗaukarta ba ta sani ba. Ta gama ta sa wa ƙanena albarka. Sai abokan aikina suka ji, suka fara haɗa motoci ranar Lahadi suna tafiya can su wuni kwance a inuwa, ran Litinin su cika biro da zancen ƙanena, wai mutum ne mai hangen nesa. Har matata ta tambaye ni yaushe zan kai su. Kai! Na ji kamar in fashe. Ni da na yi karatu, ni da nake biyan likita, a ce mai tsumma ne gwani? Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar sallah, dangi cike da tsakar gida, tsohuwa ta ce a cikin 'ya'yanta ƙaramin ne ya gane abin da jikinta ke so. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma tawa ta yaƙe ce.

Da bazara ta zo, tsohuwa tana can wurin ƙanena, na shirya abina. Na aika cewa lokacin ganin likitanta a Maradi ya yi, kuma aiki ya riƙe ni, shi ya raka ta. Na san za su yi kwana huɗu. Ranar da suka tafi ta dace da kasuwar Attantane, na hau moto na nufi jigawar da tsakar rana. Zan faɗi wani abu da ban taɓa gaya wa kowa ba. Da na isa, rana ta gasa ni, na zauna a gindin gawon don in huta minti biyar. Sanyi ya ratsa ni, kafaɗuna suka saki, wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi a ƙeya ya sauka, har gyangyaɗi na yi. Na gane tsohuwa ba ƙari take yi ba. Mai hankali da a nan ya tashi ya koma gida. Ni kuwa gaskiyar tata ce ta ƙara hura mini wuta, don na san babu abin da zan saya a kanti da zai kamo wannan.

Na tashi na fara kwance tsummoki. Na bi duk ɓangaren yamma, har da babban gawon, ina kwancewa ina cusawa a buhu, wasu ma na gane rigunana ne. Makiyayin ya hango ni ya zo ya gaishe ni, ya tambaya ko lafiya. Na ce masa mun raba gado, nan rabona ne, gero zan shuka. Ya ce Allah ya kyauta ya juya. Daga nan na wuce kasuwa wurin masu amalanken icce, na ce akwai itatuwa a gonata, kyauta na ba su, su kwashe cikin kwana uku. Babbansu dattijo ne, ya san wurin, sau biyu yana tambayata ko ƙanena ya sani. Na daka masa tsawa, na ce wane ne babba tsakanina da shi, in kuma suna shakka su je su duba ko za su ga tsumma ko ɗaya. Suka je, ba su gani ba. Ba su yi laifin komai ba, ƙa'idar da kowa ya sani suka bi, ni ne na yi ƙarya da ita.

Da suka dawo daga Maradi ƙanena ya sauke ta a gidana ya wuce ƙauye. Washegari sai ga shi a biro, ƙafafunsa duk ƙasa. Na shirya wa faɗa, na tanadi maganganu a kan gado da haƙƙin babba. Bai ɗaga murya ba. Ya durƙusa kamar yadda ya saba, ya kira ni yaya, ya tambaye ni ko akwai wani abu da ya yi mini wanda bai sani ba, don ya nemi gafara. Na mai da ido kan takardun gabana, shi kuma ya tashi ya koma ƙauye. Mutanen ƙauye sun matsa masa ya kai ni gaban maigari, ya ƙi, ya ce ba zai sa a riƙa nuna uwarsa a kasuwa ana cewa ga wadda 'ya'yanta ke shari'a ba.

Tsohuwa ta ji labari a bakin masu zuwa gaisuwa, ta ce sai an kai ta ta gani. Ƙanena da ya kai ta ya gaya mini cewa ta zagaya kututturen gawon sau ɗaya, ta dafa shi, ta nemi rumfarta ta tarar rana ta cika ta. Abin da ya rage a gabas ƙananan itatuwa ne da ba su isa su rufe mutum ba. A ranar ta dawo Tasawa, ta shiga ɗakin da na gina mata. Na samu abin da nake nema ke nan, uwata a gidana, babu mai zancen gawo. Amma ta daina ba kowa labarin komai. Sandarta ta dawo, ciwon kai ya dawo, in na shiga gaishe ta sai ta amsa ta ce Allah ya yi albarka, ta mai da ido ga bango.

Wata uku na yi ina kewaye-kewaye kafin na durƙusa gabanta na faɗi abin da na yi da dalilina. Ta ce ta sani tun ranar farko, kuma ta yafe. Sannan ta ce in je in tambayi matar makiyayin abin da suke hira a kai a gindin iccen nan. Na je na tambaya. Matar ta ce ai kullum zancena ne, babban ɗanta mai aikin biro, wanda ya gina mata ɗaki, wanda bai taɓa bari maganinta ya yanke ba, har sun gaji da jin labarina. Ashe a gidana take yabon ƙanena, a wurin ƙanena take yabona, don kowa ya ji alherin ɗan'uwansa. Ni rabin da ya shigo kunnena kawai na riƙe. Ba ta kai damina biyu ba bayan wannan Allah ya karɓi abarsa.

Abin da na koya shi ne hassada ba ta zuwa da sunanta. Ni a lokacin ce wa kaina nake ina kare girmana ne da haƙƙina na gado. Don Allah, duk wanda ya ji yabon ɗan'uwansa yana ƙona masa rai, ya tsaya ya tambayi kansa me aka rage masa. In iyayenku suka samu wurin da jikinsu ke hutawa, ko bukka ce a bayan gari, ko a hannun wanda kuke ganin bai kai ku ba, ku raka su can ku zauna tare. Abin da mutum ya yi shekara goma sha biyu yana reno, kwana uku suka ishe ni in gama da shi, kuma tsoho ba shi da wasu shekarun da zai jira ya sake tsirowa. Ƙanena har gobe yana gaishe ni, yana aiko wa iyalina gero duk kaka, amma bai sake cewa in zo ba. Bara ni ma tansiyo ya kama ni, likita ya ce in rage hayaniya, in nemi wuri mai shiru da itatuwa in riƙa zuwa ina hutawa, ya tambaye ni ko na san irin wannan wuri a kusa. Na sunkuyar da kai na ce masa a da can akwai.