Sista Mai Buga Tire

Ƙarfe bakwai na safe Sista ta riga ta iso ɗakin da mata masu sankarar mama ke karɓar magani ta jijiya. Matar nan ba ta iya zama ba. Ta goge kujeru shida, ta duba allurai, ta ja labule, ta sake buɗe shi, sannan ta ɗauko tiren ƙarfen da ake ɗora auduga. Shekara ashirin da uku tana buga shi kamar ganga, kuma ƙarshen makon nan za ta yi ritaya.

Wata tela da aka cire wa nono ɗaya ba za ta manta da Sista ba. Ranar zuwanta na huɗu, gashi ya zube, amai ya ishe ta, ana shirin sa mata allura ta miƙe tana neman jakarta. Wata sabuwar nas ta yi maza ta kunna waƙa mai sanyi a waya.

"Kashe min!" in ji telar. "Makokina kike yi tun ban mutu ba? Na fasa, gida za ni."

Sista ta san likita ya ce in telar ta yanke maganin a nan, ciwon zai iya dawowa. Amma ba ta ce mata ta yi haƙuri ba. Ta kalli ƙafar telar da ke karkarwa, ta fara buga tire daidai da wannan saurin.

"Yaya, wace waƙa kike yi in kina taka keke?"

"Ni yanzu waƙa ce a gabana?"

"To ni zan yi, kada ki yi kuka da ni."

Ta ɓarke da waƙa, murya ba daɗi, baiti a karkace. Telar ta kasa jurewa, ta ce, "Haba Sista, ba haka ake yi ba," ta karɓe waƙar. Sista ta riƙa rage saurin bugun kaɗan-kaɗan, numfashin matar na bin sa, har ta zauna ta miƙa hannu. Ta cika zuwanta takwas cif da likita ya tsara mata.

Sista, ke ce kika gane cewa mai firgici ba a fara masa da sanyi, sai an fara gudu tare da shi. Mun gode, uwar marasa lafiya, Allah ya saka miki da alheri.

Ku kuma da za ku gaje ta, kwana uku ya rage ku tsaya kusa da ita ku koya. Ranar Litinin wata za ta ce ta fasa, kuma Sista ba ta nan.