Wata Ukun Efo Agbenyega

A garin Agbozume duk wanda ya san zanen kente ya san Efo Agbenyega. Gidansa na bayan tashar mota, inda bishiyar mangwaro ta rufe rabin tsakar gida, a gindinta kuwa masaƙarsa take. Yana ɗan shekara tara kawunsa ya zaunar da shi ya miƙa masa ƙoshiya. Da ya zama saurayi ya bi abokai Legas, ya yi shekara shida yana gyaran takalma a Agege, har lokacin da aka kori baƙi ya dawo a bayan tirela da buhu guda. Daga nan ya koma masaƙa bai sake tashi ba. Ya auri Enyonam, suka haifi 'ya ɗaya, Akpene, wadda yanzu take aikin kula da tsofaffi a Italiya.

Duk abin da ya shafi takarda a gidan, Enyonam ce mai shi. Ita ta sa su a inshorar lafiya ta ƙungiyar masaƙa, ita take zuwa kowace shekara ta sabunta. Shi dai ya san akwai wani kati a cikin gwangwanin madara. Da ta rasu, gwangwanin ya zauna a kan taga shekara biyu ba wanda ya buɗe.

Idonsa ya fara ne da hazo-hazo. Wata rana maƙwabciyarsa Daavi Ameyo, mai bandar kifi, ta leƙo ta katanga ta ga abin da yake saƙawa.

“Efo, makoki za a yi ko biki? Ka haɗa shuɗi da baƙi kamar mai fushi da zaren.”

“Kore ne, Daavi. Hayaƙin kifi ya gama da idonki.”

“Nawa idon? To fito rana ka duba, in kore ne na ba ka kifin mako kyauta.”

Ya fito rana ya duba, bai iya rarrabewa ba. Ya naɗe saƙar.

A asibitin mishan aka ce yanar ido ce ta rufe masa duka biyun, na dama ya fi. Aka ce likitan da ke cirewa baƙo ne, zai zo ya yi mako guda nan da 'yan watanni. Sai a lokacin Efo ya buɗe gwangwanin, ya kai katin ofishin ƙungiya. Ma'aikaciyar ta juya katin, ta dube shi.

“Efo, wannan ya mutu tun bara waccan. Za mu sabunta yau, amma kamar sabon shiga kake. Sai ka cika wata uku kafin mu ɗauki nauyin komai.”

“Shekara goma sha tara matata tana zuwa nan, ko allura ba mu taɓa karɓa ba.”

“Na san Enyonam, nan take zama a bencin can. Amma doka ce. In babu jiran, kowa sai ciwo ya kama shi zai zo, asusun ya ƙare.”

Ya gane maganarta, shi ya sa ma bai sami abin yin faɗa a kai ba. Ya ciro takardun gwaji da na maganin ɗigawa da ya saya a makon, ta mayar masa da su da hannu biyu, ta ce su ma ba su shiga ba.

Likitan ya zo saura kwana tara wa'adin ya cika. Efo ya sa rigarsa ta coci ya je duk da haka, ko za a duba tsufansa. Ya zauna tun safe, ana kiran mutane suna shiga, suna fitowa da auduga a ido, 'ya'yansu na riƙe da hannunsu. Da la'asar akawun asibitin ya ce masa katin bai buɗe ba, sai dai ya biya daga aljihu. Abin da aka faɗa ya fi ƙarfin kente uku. Likitan kuma ba zai dawo ba sai bayan wata takwas.

Ran Lahadi Akpene ta kira kamar yadda ta saba.

“Papa, yaya jiki? Kana cin abinci?”

“Lafiyata lau. Yanzu na gama da tuwon akple da miyar kuɓewa.”

Alhali garin rogo ya jiƙa ya sha. Ya san tana fama da takardun zama, ya san in ya faɗa za ta kwana tana kuka a ƙasar da ba ta da kowa. Sai ya tambaye ta sanyi, ya saurare ta har katin wayarta ya ƙare.

A watan da ya biyo, ɗan Daavi Ameyo ya zo ya ɗauke ta zuwa Ho saboda ciwon ƙafa. Hayaƙi ya daina tsallako katanga, ba mai tsokanarsa. Ya bar zare mai launi, ya koma fari zalla, wanda hannu ke iya yi ba sai da ido ba. Ya daina zuwa kasuwa don tsoron babura. Wasu ranaku muryar da yake ji kawai ta masu kiran fasinja ce daga tasha, da ƙarar ƙoshiyarsa. Ranar da wata ukun ya cika ma bai sani ba, sai da aka yi kwana huɗu ya tuna.

Da likitan ya dawo, katin ya yi aiki, ba a ce ya biya ko sisi ba. Aka yi na hagu, ya buɗe tar. Na dama kuwa likitan ya ce yanar ta daɗe har ta tayar da wani ciwon a ciki, an cire amma haske kaɗan zai riƙa gani. Da aka tambayi wanda zai raka shi gida, ya ce ɗan rakiyarsa yana waje. Ya fito a hankali ya tari tasi da kansa.

Bayan mako shida ya ɗaura zare ja da ruwan ɗorawa, ya saƙa zanen mata guda biyu, ya kai kasuwa da sassafe. Wurin da yake tsayawa shekara talatin wani ya kama, dillalin da ya saba saye a hannunsa kuma ya gaishe shi da fara'a, ya ce ya riga ya cika kaya. Efo ya koma ƙarshen layi, kusa da masu sayar da zare. Wajen ƙarfe goma wata 'yar kasuwa daga Lome ta tsaya, ta ɗaga zanen ta duba bakinsa ciki da waje, ta tambayi wa ya saƙa.

“Ni ne.”

Ta sayi ɗaya, ta ce in ya yi irinsa a shuɗi za ta dawo kasuwa ta gaba. Ya naɗe ɗayan, ya tsaya gun mai zare ya zaɓi shuɗin da kansa.