Kwat Mai Maɓalli a Hagu

Duk wanda ya san layin teloli ya san Anti Tela, ya kuma san halinta: ba ta auna mutum sau biyu, ba ta janye magana. Shagonta ɗaki ɗaya ne, da keken ɗinki biyu, da teburin yanka, da dogon madubi mai tsaga a gefe. A kan kanta kuwa, inda sauran teloli ke jera yadi, ita tsofaffin littattafan zane ta jera, na labarin wasu 'yan fashin teku, sun haura sittin.

Ba da niyya ta fara ba. Shekara ashirin ke nan da ta sayi buhun tsofaffin takardu don yanka samfurin ɗinki, sai ta tsinci littattafan a ciki. Harshen da aka rubuta su da shi ba ta iya shi sosai ba, don haka tufafin mutanen take kallo. Da 'yarta Auta ta iya karatu sai suka raba aiki, Auta ta karanta magana, uwa ta duba riguna. Haka suka bi jirgin 'yan fashin tsibiri bayan tsibiri. Auta ta girma, ta kama aiki a kantin magani, labarin kuwa har yau mai zanen bai ga damar ƙarasa shi ba.

A labarin akwai wani mugu, Mai Rufe Fuska, wanda ba a taɓa nuna ko wane ne ba. Masu bin labarin kowa da nasa hasashen. Wasu su ce ƙanen kyaftin ne, wasu su ce sarkin nan ne da ya ɓace a teku. Anti Tela sai dai ta ja tsaki.

"Mace ce," in ji ta. "Duk 'yan fashin nan ƙirji a waje suke yawo, shi kaɗai ke rufe kwat. To ku dubi maɓallan, a hagu suke. Rigar namiji maɓallinta a dama, ta mace a hagu. Mai zanen da ba ya kuskuren ƙullin igiya, a kan maɓalli zai yi kuskure?"

Shekara goma sha biyar tana faɗar wannan, ga mai kawo ɗinki, ga mai karɓar ɗinki, har da wanda ya shigo fakewa ruwan sama. Auta ta sa maganar a intanet, aka yi ta yawo da ita. Da aka shirya taron masu bin labarin, aka ba Auta minti goma ranar Asabar ta tsaya ta kare hasashen uwarta, sanye da kwat irin ta mugun. Anti Tela ta ture aikin mutane gefe ta ɗinka kwat ɗin, baƙin yadi mai kauri, maɓalli goma sha biyu a hagu, hudojin duk da hannu ta yanka ta daje.

Ranar Alhamis maƙwabcinta Mai Littafi ya leƙo da kyauta, sabon bugun littafi na tara. Ta buɗe shafin da ta haddace. Ga Mai Rufe Fuska, ga kwat, maɓallan a dama.

"Wannan jabu ne," ta ce.

"Naki ne dai aka juya, Anti," ya ce a hankali. "A ƙasar mai zanen daga dama ake karatu. Masu tsohon bugu sai suka juya kowane shafi don mu karanta daga hagu."

Bai gama fita ba ta sauko da nata ta kara a madubi. Abin da ta gani a madubin shi ne ainihin abin da ke cikin sabon bugun. Ta zauna daɓas a kan kujerar keke. Kunya ta ji, ƙwarai kuwa, amma tsoro ya fi kunyar. Jibi 'yarta za ta tsaya gaban ɗaruruwan mutane, wani mai bakin tsiya ya ɗaga sabon bugu, a kwashe da dariya. Ta jawo kwat ɗin ko za ta gyaru. Ina! Maɓalli a cire a mayar ba wuya, amma huda goma sha biyu da aka riga aka yanka ba ta komawa, yadin kuma ya ƙare.

Da yammacin Juma'a Auta ta zo gwaji. Anti Tela ba ta iya kewaye-kewaye ba, ta ajiye littattafan biyu a kan teburi.

"Na yi kuskure. Namiji ne, ko dai ban sani ba. Kada ki je taron nan."

Auta ba ta ko kalli littattafan ba. Ta sunkuyar da kai tana murza maɓalli ɗaya.

"Na sani, Mama. Shekara huɗu ke nan. A makon da na sa maganar aka turo mini shafin na asali."

"Kin sani? Kika bar ni ina cika baki a layin nan?"

"Tsoro na ji. Na san ki, in kin ga kin yi kuskure sai ki tattara littattafan ki zuba a buhu. Ni kuma da wa zan karanta?"

"Gobe fa? Da tsayawa za ki yi su yi miki dariya?"

"Minti goma ne kawai, Mama."

Ran Anti Tela ya ɓaci, ba kaɗan ba. Wato ita aka mayar tsohuwar da ake lallaɓawa! Ta buɗe baki za ta zazzaga faɗa, sai ta fasa. Ta juya baya ta yi kamar tana neman almakashi, ta daɗe tana nema.

"Sa kwat ɗin in gani," ta ce daga ƙarshe. "Kafaɗar nan ta zauna. Gobe ki biyo mini, tare za mu."

Ranar Asabar shagon Anti Tela ya wuni a kulle, abin da 'yan layi ba su saba gani ba. Da aka kira Auta, uwar ta riga ta hawa dandamali, ta karɓe abin magana daga hannun mai gabatarwa.

"Ni ce mai maganar maɓalli," ta ce. "Tela ce ni, shekara talatin. Kuskuren nawa ne, littafina aka juya ban sani ba. Yarinyar nan ta gano tuntuni, ta yi shiru don kada in ji kunya. Duk mai dariya ya yi ta yanzu, ga ni a tsaye."

Ta riƙe ƙugu tana jira, tana bin layukan kujeru da ido ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ko yi tari. Auta ta matso cikin baƙar kwat ɗinta ta kama hannun uwarta, suka tsaya tare.