Wayar da Anas Ya Ƙi Ɗagawa

Muna sallame sallar asuba a Madina muka nufi tashar bas, ni da mai ɗakina. An gama Umra, 'yan ayarinmu suna ta sayen tsaraba, mu kuwa Riyad muka dosa, gidan yayana da ya haura shekara ashirin yana aikin walda a can. Ba zumunci kaɗai ya ɗaga ni ba. Matarsa ce ta kira ni a ɓoye, ta ce babban ɗansu Anas ya daina zuwa kwalejin da yake difloma, makarantar kuma sai nemansa take. Abin da ya tayar mata da hankali shi ne iƙamarsa, wato takardar izinin zama. Ɗa namiji in ya girma, ba a barinsa a ƙarƙashin ubansa sai yana karatu. In aka sallame shi, ba mamaki a ce ya tafi Najeriya, ƙasar da sau biyu ya taɓa takawa.

Ni malamin kwaleji ne a gida. Shekara goma sha biyar ina soke sunan masu fashin aji da jan biro, ban taɓa jin ɗar ba. Saboda haka faɗa na ɗauro. Mai ɗakina ta ce tun daga Madina nake wa yaro huɗuba, shi ko bai ma san muna tafe ba.

Hanya kam sai wanda ya gani. Kwalta a shimfiɗe, ba rami, ba mai tare ka yana miƙo hannu. Baƙaƙen duwatsun Madina suka ƙare, yashi ya karɓa, can nesa raƙuma suna kiwo a bayan shingen waya. Kuɗin mota riyal ɗari da ɗoriya kowannenmu. Na fara juya shi zuwa naira, kaina ya sara, na haƙura. Wajen Ƙasim aka tsaya cin abinci, aka kawo mana kabsa da rabin kaza, shinkafar da za ta ishi mutum huɗu. Na sayi dabino mai laushi kwali guda, don na san Yaya da son zaƙi.

Mun shiga Riyad gab da magariba, tasi ta kai mu Gubaira. Tsohuwar unguwa ce, gidaje a matse, garejoji da shagunan ƙarfe a jere, ko'ina warin baƙin mai. Da Yaya ya fito tarbarmu, da ƙyar na gane shi. Ƙaton mutumin da na sani ya koma rabi, jallabiya na yawo a jikinsa. Ya dubi kwalin dabinon ya yi murmushi, ya ce likita ya hana. A nan na ji abin da ba wanda ya faɗa mana a gida: wata bakwai ke nan yana wankin ƙoda, safiya uku a mako. Anas ne ke kai shi, ya zauna awa huɗu, ya riƙo shi su dawo. Safiyoyin nan kuwa su ne na aji. Kunya ta rufe ni, ga baƙin ciki, ga haushin an ɓoye mini.

Na tambayi Anas me ya hana shi faɗa wa makaranta. Ya miƙo mini wayarsa, na ga kira a jere daga murshid, malamin da aka ɗora wa bibiyar ɗalibai. Ko ɗaya bai ɗaga ba, don ubansa ya hana.

"Kai ma malami ne," in ji Yaya. "A garinmu in makaranta ta nemi mutum, ai laifi aka yi. Nan kuma baƙi muke. In cutata ta shiga takardar hukuma, ka san inda za ta tsaya?"

Na ce ban sani ba, amma na san inda shirun zai tsaya. "Yaya, in yaron nan ya tafi, wa zai riƙa kai ka?" Washegari bayan mun karya da wake da tamis, wani faffaɗan burodinsu, ya miƙo mini ambulan ɗin asibiti, bai dube ni ba.

Ni da Anas muka hau metro, jirgin ƙasa na cikin gari, riyal huɗu, muka nufi wajen Malaz. Jirgin ba direba. Na leƙa gaba ina nemansa, Anas ya yi dariyar farko tun zuwana. A kwalejin muka sami murshid ɗin, dattijo mai furfura. Bai tambayi komai ba sai da ya zuba mana gahawa. Larabcina na Islamiyya ne, Anas ke cike mini inda na ɓata. Ya karanta takardar asibitin tsaf, ya cire tabarau.

"Mako biyar ina nemanka," ya ce da Anas. "Da korarka nake so, ai ba sai na kira ba. Na'ura ce ke soke suna da kanta."

Darasi ɗaya ya riga ya kuɓuce, fashin ya wuce ƙa'ida, an hana shi zama jarrabawarsa. Sauran darussan murshid ɗin ya mayar masa da su ajin yamma. Ya haɗa shi da mai yi wa ɗalibai bitar abin da ya wuce su, ya kai mu da ƙafarsa inda ake ba da shaidar cewa Anas ɗalibi ne har yanzu, wadda za a sabunta iƙama da ita. Ya ce maganar ciwon kuma a ofishinsa za ta tsaya. Da muka fito, Anas ya zauna a matattakala ya rufe fuska. Da Hausarsa mai karkata ya ce, "Wallahi Baffa, na zaci kora za su yi." Na zauna kusa da shi.

Kwana uku muka yi. Na raka su asibiti sau ɗaya, na ga yadda awa huɗu take. Da muka zo sallama Yaya ya riƙe hannuna ya daɗe, daga nan muka bi ta Jidda muka sauka Kano.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, a teburina na tarar da shi. Sunaye tara na masu fashin aji suna jiran sa hannuna. Sai na ga shekara goma sha biyar ina soke mutane, ban taɓa tambayar ko ɗaya me ya same shi ba. Na ajiye jan biron, na nemo lambobinsu. Biyun farko ba su shiga ba. Ta ukun wata dattijuwa ce ta ɗaga, tana jin daga makaranta ne ta katse ni.

"Malam, me ya yi?"

Na ce, "Bai yi komai ba, Hajiya. Nemansa muke ya dawo."