Hutun da Yaran Unguwa Suka Yi Ƙuli-ƙuli a Gidanmu

Ranar Asabar ta farkon hutun makaranta, a shekarar da muka taso daga Toranke muka koma cikin garin Ajingi, na farka na tarar Inna ta riga ta share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarmi da wani tsohon buhu da ta farke ta wanke tas. An gama kaka, karan dawa jibge a bayan kowane gida, sanyin safiya kuma na sa mutum ya cusa hannu a hammata. Ina aji uku a lokacin. Kafin hantsi ya ɗaga sosai, tsakar gidan nan tamu da ba ta saba jin muryar kowa ba sai tamu ta cika da yara, wasu da ƙannensu a goye, wasu ko fuska ba su wanke ba, kowa riƙe da karan dawa a hannu, domin shi ne kuɗin shiga. Inna ta ce ba ta son kwabon kowa, a dai zo mata da abin hura wuta. Ni kuwa na maƙale a jikin ƙofar ɗaki ina kallonsu, gabana na ta faɗuwa, don na san abin da ya sa aka tara su.

Sana'ar Inna matsar man gyaɗa ce da ƙuli-ƙuli. A Toranke ba ta taɓa neman mai saye ba, kowa ya san hannunta, yara ne ke sallama da kwalba tun da safe. Da Baba ya samu rumfar faci da gyaran keke kusa da kasuwar Ajingi muka dawo, sai ta zama baƙuwa. Ba ta fita sai da dalili, kamar suna ko dubiya, matan unguwa kuma kowacce tana da inda ta saba saye tun kafin a san da mu. Mai ya taru a galan a ƙarƙashin gado. Ƙuli-ƙuli ya yi ta zama a roba har ya daina ƙara in an karya, muka koma daka shi muna kwaɗon zogale safe da yamma. Wata rana bayan cin tuwo Baba ya ce, ba da faɗa ba, idan aka koma makaranta abin bai canza ba, sai in riƙa ɗaukar faranti da safe ina kaiwa tasha. Ba mugunta ce ta sa shi ba, gyaɗar gonarsa ce yake gani tana narkewa ba ta dawo da komai. Inna ta tattara kwanuka ta fita.

Ni na san tashar. Na sha ganin 'yan mata suna bin motocin Kano da gudu, faranti a ka, suna kiran kayansu da murya kamar za ta tsage. Ni kuwa ko suna Malam ya kira a aji, sai ya ɗaga kai ya duba ko na zo, saboda amsata ba ta kaiwa teburinsa. Kuma ina son makarantar nan, har sharar fili da muke yi da safe da tsintsiyar da kowa ke zuwa da ita daga gida, da 'yar carafke da muke yi a gindin darbejiya lokacin tara, da ƙamshin sabon littafi. Wadda take tasha da safe ba ta aji da safe, wannan ko yaro ya sani.

Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kama sunana, sai dai ta ce "ke yarinyar nan". Haka ta kira ni ana gab da ba da hutu, ta ce in gaya wa yaran da muke haɗuwa da su a famfo cewa ranar Asabar za a koya musu ƙuli-ƙuli a gidanmu, kowa ya yi irin wanda yake so ya tafi da abinsa. Na kasa. Mutum ɗaya na iya faɗa wa, Ladidi, wadda muke zama benci ɗaya, ita kuwa bakinta ba ya rufuwa ko tana cin abinci. Kafin yamma har yaran da ban taɓa gani ba sun ji.

Tun ranar Juma'a muka soya gyaɗar a kasko da yashi, muka murje, muka bakace, na kai inji aka niƙo. Inna ta zuba a turmi tana juyawa tana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan har man ya tsatso ya kwanta a sama, ta kwashe. Abin da ya rage shi ne tunkuza, ita ake mulmulawa a soya. Ta sa mata gishiri da citta da ɗan sukari saboda yara. Da suka taru ta fara da sa su wanke hannu, ruwan bahon ya koma kamar na kududdufi, aka zubar aka sake. Sannan ta ɗebo toka ta zagaye murhu da ita ta ce, "Duk wanda ya tsallake tokar nan, gidansu zai koma." Ta ba kowa curin tunkuza kamar ƙwan kaza.

Abin da suka yi da ita har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai. Inna zobe ta nuna musu da ɗan sanda, amma wa ya tsaya nan? Sai ga kifi, ga ƙadangare, ga agogon hannu, ga mota da tayoyi, kamar dai yadda muke yi da yumɓu a bakin rafi. Wata ta gina saniya da ƙaho da tozo, Inna ta juya ta a hannu ta ce, "Ki rage mata ƙiba, wannan ba za ta soyu a ciki ba." Ita kaɗai ke tsaye a kan wuta da matsami, tana sakawa tana tsamowa, yaran sun jeru a bakin tokar suna leƙe, kowa na ihun ga nasa can, kar a haɗa masa da na wani. Da aka gama ta naɗe wa kowa nasa a takarda ta ce su kai wa iyayensu mata su ɗanɗana, su ce daga gidan mai faci ne. Abin da aka yi taron dominsa ke nan: ƙuli-ƙulin ya shiga gidajen da ita ba za ta iya shiga ba.

Na bi bayansu har zaure na leƙa. Ko kwanar layinmu ba su sha ba. A gindin katangar masallaci suka zube, suka kwance takardun, aka shiga musaya, kan saniya da wutsiyar kifi, tayar mota da ƙafar ƙadangare. Ina tsaye ina gani suka cinye komai, Ladidi har da lashe takarda. Ranar Inna ta wuni tana kasa kunne ko za a yi sallama, washegari ma haka. Da yamma ta ce, "Ke yarinyar nan, kin ga sun kai kuwa?" Na faɗa mata abin da na gani. Ta yi dariya har tana share ido da bakin zane. Gyaɗar da ta rage mata ta matsa ɗaya ce. Sauran ta iri ce, Baba ya ɗinke buhun, ba mai taɓawa sai damina.

A tsakiyar makon ta ce in sake gaya wa Ladidi yara su dawo ranar Asabar. Da safen ranar na ga abin da ban taɓa gani ba: Inna ta buɗe kabad tana sauko da kwanukan jerenta, masu murfi da fure a jiki, waɗanda aka kawo ta da su gidan aure. Ba a taɓa cin abinci a ciki ba, goge su kawai take da tsumma ta mayar. Baba yana shirin fita ya tsaya ya ce, "Waɗannan za ki damƙa wa yara? Wasu ko murfi ba za su dawo da shi ba." Ta ce, "Za su dawo."

Wannan karon curi biyu ta ba kowa. Na farko a soya ka cinye a nan gabanta, na biyu a sa a kwano a rufe. Kuma ba wanda zai kai wa uwarsa nasa. Kowa zai ɗauki na wani ya kai wa uwar wancan. A wajenmu in aka aiko yaro da kyauta, ba a sallamarsa hannu wofi, sai an ba shi tukuici, ko alawa ce ko ɗan kwabo, kuma ba a mayar da kwanon mutane babu komai a ciki. Ɗanka in ya kawo miki abu ba ki ba shi tukuici, amma ɗan maƙwabta dole ne. Da yaran suka gane haka, sai ga shi ana fita bi da bi, mai kaiwa ya rungume kwano kamar jariri, mai kayan kuma yana biye da shi a baya yana gadin abinsa.

Ni na Ladidi ya faɗo mini. Tana bin diddigena tana cewa, "Saura ki buɗe! Wallahi na san yadda na jera su." A wajen kakarta take zaune, Iya Tabawa, mai suyar ƙosai a ƙofar gida kullum da safe, wadda man da take ci a mako ya fi na gidaje da yawa. Mun same ta a kan kujera 'yar tsugune tana wanke wake. Na durƙusa na gaishe ta na ce wai in ji Inna ga abin da Ladidi ta yi da hannunta. Ta ce, "Ɗaga murya, 'yar nan, kunnuwan sun tsufa." Na sake faɗa. Ta buɗe ta ɗauko wata 'yartsana mai karkataccen kai ta ce, "Ladidi, ai wannan ke ce, har bakin." Ladidi ta ce, "Ke na kalla na yi, Iya!" Tsohuwa ta kai mata dukan wasa, sannan ta karya ƙafar 'yartsanar kusa da kunnenta, ta sansana, ta tauna da haƙoran gefe, ta murza yatsunta tana dubawa. Ta tambaye ni a ina uwata take sayen man da ta soya wannan. Na ce ita take matsewa da kanta. Ta ce ba ta sirka shi da na kanti? Na girgiza kai. Ta ba ni ragowar ƙosan safe tukuici, ta ɗauraye kwanon ta zuba daddawa a ciki, sannan ta miƙo mini wata kwalba da aka toshe bakinta da totuwar masara. "Ki ce ta cika min in gwada. In ya yi min kumfa a kasko zan mayar mata da abinta."

Har magariba kwanuka na dawowa, wani da kuka, wani da busasshiyar kuɓewa, wani da albasa. Ɗaya murfinsa ya loɓa, ɗaya sai washegari aka kawo shi da ban haƙuri. Ba kowa ce ta zama mai saye ba, wasu godiya kawai suka aiko, shi ke nan. Amma kwalabe sun biyo wasu kwanukan, kuma kafin hutu ya ƙare kwalbar Iya Tabawa ta koma galan. Ranar da aka koma makaranta na sa kayan makarantata na tsaya a tsakar gida na kasa fita, don ba wanda ya ce mini komai game da tasha. Baba ya fito da kekensa, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Tsayuwar me kike? Ba za ki makara ba?" Da gudu na fita, ko karin kumallo ban tsaya yi ba.

Na gama aji shida. Ban wuce nan ba, amma ina karanta katin asibitin yarana da kaina, ina rubuta saƙo a waya. Yanzu ina aure a Gaya da yara biyu, ni ma man nake matsa, sai dai hotonsa nake ɗorawa a waya, mai so ta aiko. In an yi hutu ƙofata a rufe take wuni. Ina tsoron babur, ina tsoron baƙon fuska, ina tsoron abin da wani zai ba 'yata ta ci. Sau da yawa na yi niyyar tara yaran layinmu kamar yadda Inna ta yi, har gyaɗar na taɓa soyawa, sai in tuna tafasasshen mai da ɗan mutane a kusa da shi, in fasa. Da na je Ajingi kwanakin baya na sami Inna tana shafa man zafi a wuyan hannu, na tambaye ta yadda ta iya tara yaran mutane a kan wuta, tana baƙuwa, ba ta ji tsoro ba. Ta dube ni ta ce, "Wa ya ce miki ban ji ba? Ranakun nan ko ruwa da ƙyar ya wuce min. Na dai fi jin tsoron ganinki a tasha."

Duk shekarun nan na ɗauka ni kaɗai ce gabana ke faɗuwa a gidan.