Kujerar Jayamari

Kullum da hantsi Ayya Selvanadin yakan fito barandar gidansa da ke bayan cocin unguwarmu a garin Pondiceri na bakin teku, ya ajiye kujeru biyu. Sai ya zauna a ɗaya, ya kurɓi kofi, ya karanta wa ɗayar abin da ya rubuta jiya. Kujerar matarsa ce, Jayamari, wadda ta rasu shekara shida da suka wuce. Harshenmu na Tamil kaɗai take ji, ba ta jin Faransanci, amma ita ce take fara sauraren kowace waƙa. Tana tsintar shinkafa takan tsayar da shi: "Malamin makaranta, nan wurin yana ɗingishi." Ya yi ƙunƙuni, ya gyara.

Shekara arba'in ya yi yana koyarwa. Ya wallafa littattafan waƙa biyar da na labari uku, duk da Faransanci, duk a kan masuntan gaɓar nan. Shekarar da teku ta yi ambaliya, gida gida ya bi yana rubuta sunayen waɗanda ruwa ya ci. Anjalai mai kifi har yau tana nuna shafin da sunan mijinta yake, ko da yake ba ta iya karanta sauran ba. Mutanen Faransa sun ce ya yi musu nisa. Mu kuma muka ce da harshen baƙi yake rubutu, muka wuce.

A watan jiya ƙungiyar marubutanmu ta tuna da shi. Kun san halinmu: ba a taro sai an yafa wa mutum mayafin siliki a kan dandamali, a ɗauki hoto. Na ƙirga mayafai goma sha ɗaya. An yafa wa shugaba, an yafa wa surukin shugaba, har mai zauren ya samu. Aka yafa wa Ayya na ƙarshe. Ya zaro takardarsa ke nan zai karanta, sakatare ya ce, "Ayya, a yi haƙuri, abinci zai huce."

A hanyarmu ta komawa gida na yi ta zage-zage. Ya ce, "Ƙanena, rage murya, karnuka za su ɗauka da su kake." Muka ɗan yi tafiya, sannan ya ce, "A wannan zafin me zan yi da mayafi? Idan na gama wannan littafin da nake rubutawa na ajiye alƙalami. Kujera ba ta cewa a gyara."

Ayya, kai ne ka rubuta mu lokacin da muke ta tafa wa juna. Kai ne ka adana sunayen matattunmu. Mun gode, kuma da kunya muke godiyar.

Ku matasa masu son suna kafin aiki, ga wanda za ku koya a wurinsa. Shekaranjiya na je na zauna a kujerar Jayamari. Ya karanta, na yi ta yabo. Ya dube ni ya ce, "Kai ba ka iya ba."

Gaskiyarsa. Gobe da hantsi zai sake fito da kujerar. Wa zai zo ya ce masa nan wurin yana ɗingishi?