Adda Salamatu, wadda ta fara shiga kwatar kafin kowa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Mayun 2024, daidai da 6 ga Zulƙida 1445, Allah Ya karɓi ran Hajiya Salamatu Ɓoɓɓo a gidan 'yarta Latifa da ke unguwar Ndogbong a birnin Duwala, bayan jinyar wata huɗu. An sallace ta da la'asar a New Bell, unguwar da ta wakilta a matsayin kansila, inda yaro da babba ke kiranta Adda, wato babbar yaya.

Adda, ni Bashiru Haruna, mai shagon takalma a bakin babbar kasuwa, ba ni ne ya fi cancanta in yi wannan rubutu ba. Akwai waɗanda suka ƙaunace ki tun ranar farko. Ni da adawa na fara.

Shekara goma sha biyu ke nan da kika kawo shawarar Ranar Zumunci: Asabar ɗin bayan Babbar Sallah a yashe kwatocin unguwa da safe, da rana a dafa abinci a ci tare, da yamma a buga ƙwallo. Kika ce a gayyato maƙwabtanmu 'yan ƙabilun Basa da Bamileke, tunda ruwan da ke shiga ɗakunanmu shi ke shiga nasu. Da aka zauna zaɓen shugaban kwamitin 'yan sa kai, aka ambaci sunanki, na miƙe a gaban jama'a na ce bai dace mace ta ja ragamar maza ba. Na ƙara da cewa kakannina sun riga naki zuwa Duwala, ke kuwa jiya-jiya kika sauko daga Garwa. Har yau ina jin nauyin wannan magana.

Ba ki ɗaga murya ba. Kika ce, "Alhaji, kujerar taka ce in kana so. Sai dai gobe da ƙarfe bakwai akwai yasar kwatar bayan masallaci, kuma shugaba ne ke fara shiga."

Na zo da ƙarfe takwas cikin farar shadda. Na same ki tsundum a kwatar, ruwa har gwiwa, kin ɗaure zane a kan wando, kina miƙa wa 'yan bensikin, masu haya da babur, bokitin taɓo. Kika ɗago kika gaishe ni kamar jiya ba a yi komai ba, kika nuna min inda shebur yake. Na koma gida na sake kaya. Tun daga ranar nake cikin kwamitinki.

Da aka zaɓe ki kansila mun zaci mun rasa ki. Sai ga shi takardar izinin taro da kan ɗauke mu makonni, da ƙafarki kike binta ofis-ofis. Kuma kika kafa doka guda: duk girman baƙon da ya zo, ba za a fara jawabi ba sai an karanto sunayen waɗanda suka yi aikin. Wata shekara manyan baƙi suka zauna a rumfa kusan rabin awa suna sauraron sunayen masu shara, masu ɗebo ruwa, masu gashin soya, wato tsire, da masu wanke tukwane. A ranar kika tashi daga kujerarki ta sahun gaba, kika jawo Mardiya mai girki daga bakin murhu, idanunta jajur da hayaƙi bayan tukunya goma sha ɗaya ta shinkafa da miyar folere, wato yakuwa, kika zaunar da ita a kai. Mardiya ta ce min tun da take ba a taɓa kiran sunanta a lasifika ba sai ranar.

Ba kullum muke jin daɗinki ba, gaskiya. Shekarar da ruwa ya ci gidajen gangare kwana uku kafin biki, kika ce a kwashe shinkafa da man da aka tara, da rumfunan da aka ɗauko, a kai wa waɗanda suka rasa wurin kwana. Matasa sun yi wata biyu suna atisayen ƙwallo, mata sun ɗinka anko. An yi fushi, wasu sun daina gaishe ki. Bilya, mai horar da 'yan ƙwallon, ya fice daga kwamiti. Kika bar mu muka gama faɗanmu, sannan kika ce ba za ki iya cin abinci da kiɗa ba alhali katifun maƙwabta na shanye a kan katanga. Iyali goma sha tara ne suka ci wannan shinkafa har ruwa ya janye.

Kwana tara kafin rasuwarki na je duba ki bayan azahar. Kin rame har na kasa haɗa ido da ke. Duk da haka tambayarki ta farko ita ce ko izinin bana ya fito. Bayan haka kuwa, kika ce in je gidan Bilya da kaina in roƙe shi ya dawo, domin ke ba za ki iya ba. Sai na yi ƙarfin hali na nemi gafarar maganar da na yi shekara goma sha biyu da suka wuce. Kika yi murmushi, kika ce, "Alhaji, ai tun ranar da ka ɗauki shebur na yafe. On est ensemble, muna tare." Na fito ban iya yi wa Latifa sallama ba.

Na je gidan Bilya, Adda. Ya dawo. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makararki. Kwamiti ya zauna bayan addu'ar uku, an yi ta kuka, an kuma yanke cewa za a yi bikin bana. Ba mu san yadda za mu yi shi ba tare da ke ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki Malam Zakariya'u, da 'ya'yanki Latifa, Affan da Aisha Humaira, da 'yan uwanki na Garwa, da dukan 'yan sa kai na unguwarmu. Ya Allah, baiwarKa Salamatu ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka sa jinyar da ta sha ta zama kaffara. Ka karɓi wahalar da ta yi wa mutanen da ba su haɗa jini da ita ba, Ka ba iyalanta haƙurin rashinta. Mu da muka saɓa mata muka kuma ci moriyarta, Ka yafe mana, Ka sada mu da ita a Aljanna. Amin.